Kogon da Ake Shiga da Jirgin Ƙasa

A bakin garin Postojna, a kudu maso yammacin ƙasar Sulobeniya, akwai wani kogi mai suna Pivka. Ba wani babban kogi ba ne. Yana tafe abinsa a fili tsakanin ciyawa da itatuwa, sai ya iso gindin wani tudu, ya kutsa cikin wani baƙin rami, shi ke nan an daina ganinsa. Kana tsaye a kan gada kana kallo, kogi sukutum yana shigewa cikin ƙasa. Wannan ruwa shi ne ya gina abin da muka zo gani, kuma har gobe bai ajiye aiki ba.

Wani taron bita ne ya kai ni Tiriyeste ta ƙasar Italiya, a cibiyar nazarin kimiyya da Abdus Salam, masanin nan ɗan Pakistan, ya kafa a 1964. Daga can zuwa Postojna tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota, kuma biza ɗaya ce ke shigar da mutum ƙasashen biyu. Ranar hutu muka kama hanya ni da wani dattijo malamin lissafi daga Damagaram, mutum mai ƙarancin magana da yawan ƙirga.

In an ce kogo, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai bai wuce Kogon Hira, ko na Ashabul Kahfi, ko wani lungu a jikin dutse inda jemagu ke kwana ba. Hakan ba laifinmu ba ne. Manyan duwatsunmu irin su Kwatarkwashi da Kufena masu taurin kai ne, ruwa ya yi ta dukansu shekara da shekaru ba ya iya narka su. Na Postojna kuwa dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. Shi wannan dutse ruwan sama yana cinsa a hankali. Ruwan yakan kwaso iskar kabon daga sama da kuma cikin ƙasar da ya ratsa, ya ɗan yi tsami, ya bi ta tsagar dutse yana lasa. Tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya, hanya ta zama zaure. Abin da aka auna na wannan kogo zuwa yanzu ya haura kilomita 24. Baƙo kilomita 5 kawai ake nuna masa: kimanin 3.5 a jirgi, 1.5 a ƙafa, duka cikin awa ɗaya da rabi.

A jirgi, na ce. Bayan an duba tikiti sai ka sauka wani dandamali a cikin dutse, ka tarar da wani siririn jirgin ƙasa marar rufi, kujera mutum biyu-biyu. Sanyi ne ya fara yi mana maraba. Ciki digiri 10 ne a ma'aunin Salshiyas, rani da damina, dare da rana, ga laima a cikin iska. Ana ba da hayar wata irin alkyabba mai kauri ga wanda ya zo da rigar shan iska. Dattijona ya karɓi ɗaya ya lulluɓa a kan babbar rigarsa, ya jawo hula ya toshe kunne, ya ce, "Malam, wannan ai huturu ne aka ɗaure shi a ɗaki."

Jirgin ba ya wasa da gudu. Ramin da yake bi a wasu wurare matsattse ne ƙwarai, har kowa ya riƙa sunkuyar da kai duk da an ce ba abin da zai taɓa shi. Sai ramin ya buɗe ka tsinci kanka a wani fili mai faɗi, kafin ka ɗaga ido ka gama gani an sake shigewa duhu. Akwai wani zaure da muka ratsa, an rataya masa manyan fitilun ƙarau na Murano, waɗanda ake yi kusa da birnin Benis. A da can a nan ake raye-raye lokacin bukukuwa. Tun 1872 aka shimfiɗa wannan dogo. A lokacin babu inji: 'yan jagora ne ke tura keken da hannu, masu kuɗi na zaune suna kallo. An kawo wutar lantarki a 1884, tun Lubliyana, wadda yau ita ce babban birnin ƙasar, tana kwana da fitilun gas da na mai.

Amma abin da ya fara ɗaukar hankalina ba kyau ba ne, baƙi ne. Farkon hanyar, bango da rufi duk sun yi baƙi ƙirin. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun mai da bakin kogon rumbun man jirgin sama, suka jibge ganga wajen 1,000. A watan Afrilu na 1944 'yan sari-ka-noƙe na Sulobeniya suka lallaɓo ta wata hanyar cikin ƙasa suka cinna wa man wuta. Kwana 7 tana ci. Zafin ya farfasa duwatsu, hayaƙi ya shafe sauran. Ga shi an doshi tsawon rayuwar mutum guda, tabon yana nan, kuma duk wanda zai shiga ya ga fari sai ya ratsa ta cikinsa.

Inda jirgi ya sauke mu akwai alluna na harsuna: Sulobeniyanci, Ingilishi, Jamusanci, Italiyanci. Kowa ya nufi nasa. Jagorarmu wata matashiya ce mai jar riga da tocila a hannu, ta haddace zancenta tsaf, amma in aka yi mata tambaya sai ta saki hadda ta yi magana irin ta wadda ta san gidan. Ta fara da doka: ba a taɓa dutse, ba a haska fitilar kyamara, ba a sauka daga kan hanya. Daga nan muka fara hawan wani tudu da suke kira Babban Dutse, wanda tsawonsa ya haura mita 40. Tudu ne a cikin kogo, a ƙarƙashin wani tudun. Rufi ne ya rufto a wani zamani mai nisa, ɓaraguzan suka taru, sa'an nan ɗigon ruwa ya bi su ya yi musu ado.

A ƙwanƙolin tudun ne na tsaya na rasa ta inda zan fara kallo. Daga sama dubban tsinaye sun rato, wasu sirara, wasu kaurara. Daga ƙasa wasu sun taso suna nufar su. Inda na sama da na ƙasa suka haɗu sun zama ginshiƙi, wani ma mutum uku ba za su zagaye shi da hannu ba. A jikin bango mai gangare kuwa dutsen ya sauko falle-falle da ninki, har masu wurin suna kiransa labule. Jagora ta sa tocila a bayan ɗaya, haske ya ratso, muka ga zane-zanen ja da ruwan ƙasa a cikinsa. Ja daga ƙarfen da ke cikin ƙasa yake. Farin kuwa shi ne zallar ma'adinin ba gauraye.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Duk wadda ta daɗe tana dafa ruwan rijiya a butar shayi ta san farin ɓawon nan da ke manne wa gindinta. To, shi ne wannan. Ruwan da ya narko dutse daga sama, in ya iso rufin kogo ya rataya zai ɗiga, sai iskar kabon ɗin ta fice daga cikinsa, ya bar ɗan ƙurar dutse a wurin. Ya faɗo ƙasa, ya bar wani ɗan ƙurar. Wani ɗigon ya biyo. Ruwan da ya rushe dutse a sama shi ne yake gina shi a ƙasa.

Jagora ta ce a ƙiyasi, milimita 1 yakan ɗauki kimanin shekara 10. Na ga leɓen dattijo ya fara motsi. Da muka iso gaban wanda suka fi ji da shi, wani farin tsini mai sheƙi da suke kira Lu'ulu'u, tsawonsa mita 5, wanda hotonsa ke jikin tikiti da alluna, sai ya matso kusa da ni ya ce, "Dubu hamsin." Na ce, "Na'am, Baba?" Ya ce, "Shekara. In lissafinta daidai ne." Ya ɗaga hannu ya tambaye ta. Ta yi dariya ta ce lissafin ba ya tafiya a miƙe haka, domin akwai zamunnan ƙanƙara da ɗigon ya tsaya cak, akwai kuma lokutan da ya yi sauri. Dattijo ya gyaɗa kai, ya ce to ai ta ƙara masa shekaru ke nan, ba ta rage ba. Ni dai na duba farcen babban yatsana na auna kaurinsa da ido. Abin da ya ƙaru a jikin wannan dutse tun daga haihuwata bai fi 'yan farata a jere ba.

Akwai wani wuri da suke kira Zauren Taliya, saboda rufinsa cike yake da siraran tsinaye farare masu rami a tsakiya, kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa yana ƙyalli. Can gaba kaɗan jagora ta ce kowa ya tsaya inda yake, ya kama hannun yaronsa. Aka kashe wuta.

Na san duhu. Na kwana a ƙauye a daren da babu wata, na sha zama a ɗaki an ɗauke wuta. Amma duk wannan duhu ne mai ƙofa: ido yakan saba, tauraro ya leƙo, ka fara gane inuwar bishiya. Wannan ba ya sabuwa. Na kai tafin hannuna har ya taɓa hancina, babu. Ko za ka shekara a nan idonka ba zai ga komai ba, domin babu abin da zai gani da shi. Mutane suka yi tsit, sai ƙarar ɗigo, nan ɗaya, can ɗaya, kowanne da muryarsa. Na ji dattijo yana tasbihi ƙasa-ƙasa. Sai a lokacin abin ya zauna mini: duk wannan ado, da ja da fari da ninki, a cikin wannan duhun aka yi shi, ba don idon kowa ba. Bai fi minti guda ba aka maido da wuta, wasu suka yi ta dariyar da ake yi bayan tsoro.

Mutumin da ya fara kai haske wannan ɓangare sunansa Luka Cec, talaka ɗan yankin, aikinsa kunna fitilu. Bakin kogon an daɗe da saninsa. Akwai wani lungu da baƙi suka riƙa rubuta sunayensu a bango, har ana karanta shekarar 1213 a ciki. Amma ba a san ya zarce ba. A 1818 ana shirin tarbar Sarkin Ostiriya, Faransis na Ɗaya, aka sa ma'aikata su ƙawata wurin da fitilu. Cec ya haye wani dutse a tsallaken ruwa, ya ɓace. Da ya dawo, labarin da ake bayarwa shi ne ya ce musu ya ga wata sabuwar duniya, ya ga aljanna. Shekara ɗaya bayan haka, a 1819, aka buɗe wa jama'a, aka fara ajiye littafin baƙi. Da dogon Biyana zuwa Tiriyeste ya ratso ta garin a 1857, sai kasuwa ta buɗe. Waɗanda suka shiga daga wancan lokaci zuwa yau sun haura miliyan 35.

Cec bai tsaya nan ba. A 1831 ya tsinci wani ɗan ƙwaro marar ido, mai dogayen ƙafafu da siririn wuya, ya kai wa wani basarake mai sha'awar ilimi, Hochenwart. Shi kuma ya miƙa wa masanin ƙwari Ferdinand Schmidt, wanda ya bayyana shi ga duniya a 1832. Kafin nan masana ba su ɗauka akwai ƙwaron da ke iya ƙare rayuwarsa a cikin kogo ba, kuma daga wannan tsintuwa ce nazarin halittun kogo ya samo tushe. Sunan da aka raɗa wa ƙwaron a littattafan kimiyya kuwa na basaraken ne. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Yau dai 'yan jagora suna ambaton Cec a kowane zagaye, har suna kiransa na farko a sana'arsu. Gara a makara da a ƙi zuwa.

Haka kuma wata siririyar gada da muka tsallaka a kan wani rami mai zurfi. Sunanta Gadar Rashawa. Fursunonin yaƙi 'yan Rasha ne suka gina ta a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin wannan sanyi da laima. Mutane suna tsayawa a kanta suna ɗaukar hoto. Shi kansa kogon ya sha canjin iyayen gida: yana hannun Ostiriya, ya koma Italiya tsakanin yaƙe-yaƙen biyu, ya shiga Yugoslabiya, sa'an nan Sulobeniya ta sami 'yanci a 1991. Kowace gwamnati ta zo ta canja allo ta ci gaba da sayar da tikiti.

Akwai masu cewa an mai da wurin kasuwa, kuma ba su yi ƙarya ba. Hanya ta siminti ce, ga dogo, ga lasifika, ga kantin tsaraba a ƙarƙashin ƙasa. Kusa da wasu fitilu za ka ga kore-kore a jikin dutse: gansakuka ce, wadda ba ta da abin yi a nan sai da aka kawo mata haske. Ma'aikata ne ke bi suna wanke ta, kuma shi ya sa ake kashe fitilun wani sashe da zarar ayari ya wuce. Akwai tsinayen da ke gefen hanya da suka dushe suka yi duhu saboda hannun baƙin da, domin maiƙon fata yana ɓata fuskar dutsen. Wasu ma guntaye ne, an karye su an tafi da su tsaraba a zamanin da ba a hana ba. Duk da haka ni ban bi bayan masu ƙorafin gaba ɗaya ba. A ayarinmu akwai tsohuwa mai sanda, akwai mai goyo, ga dattijona mai ciwon gwiwa. Ba don dogo da siminti ba, da sai dai su ji labari a bakin samari masu igiya da kwalkwali. Abin da ya fi mini daidai shi ne abin da suka yi: an sadaukar da kilomita 5, an rufe mafi yawan sauran.

Kusa da ƙarshen tafiya akwai wani babban akwatin gilashi cike da ruwa, an rage masa haske sosai. Sai da na daɗe ina dubawa kafin na gan shi, kwance a kan dutse bai ko motsi. Tsawonsa bai wuce santimita 25 zuwa 30 ba, siriri, fatarsa fara mai ɗan ja-ja. Saboda launin nan ne mutanen wurin ke ce masa kifin mutum, alhali ba kifi ba ne, dangin kwaɗo ne. Ƙafafunsa huɗu ƙanana, na gaba yatsu uku, na baya biyu. A gefen wuyansa akwai wasu jajayen tuntaye da yake shaƙar iska da su a cikin ruwa. Idanunsa sun shige ƙarƙashin fata, ba ya gani. Da sansana da jin motsin ruwa yake farautar 'yan ƙananan halittun da yake ci.

In ya samu ke nan. Abinci a kogo sai an dace, don haka wannan halitta ta koyi zama da babu. Yana iya yin shekara 10 bai ci komai ba. Yana iya kai shekara 100 a duniya. Ba ya balaga sai ya haura shekara 10 da wani abu, macen kuma takan yi fiye da shekara 10 tsakanin ƙwai da ƙwai. Wasu masu bincike da suka bi diddiginsu a wani kogo a Bosniya sun ba da rahoto a 2020 cewa akwai ɗaya da suka riƙa tararwa a wuri guda har shekara 7. Dattijo ya ji wannan ya ce, "Wannan ko a cikin masu haƙuri liman ne."

A da, in aka yi ruwa mai yawa, ambaliya takan watso su waje ta idanun ruwa. Manoma suka ce 'ya'yan dodon nan ne mai aman wuta da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Wani masani ɗan yankin, Valvasor, ya rubuta wannan labari a 1689, kuma har yau da sunan 'ya'yan dodo ake tallarsu. Kantin tsaraba cike yake da 'yan tsanansu. Kafin ƙasar ta koma kuɗin Yuro a 2007, hotonsa na jikin ɗaya daga cikin sulallanta. A ƙarshen Janairun 2016 wani ɗan jagora ya lura da ƙwai guda manne a jikin gilashin. Macen ta ci gaba da sakawa har 64. Aka kwashe sauran 'yan'uwanta daga akwatin, aka sa mata kyamarar da ke gani a duhu, gidajen jaridu na duniya suka yi ta bibiya. Bayan wata huɗu suka fara ƙyanƙyashewa, aka sami sama da 20. Abin da ya fi yi musu barazana yanzu ba baƙi ba ne, ruwa ne. A ƙasa irin wannan mai ramuka, duk abin da aka zubar a sama, takin zamani ko dattin masana'anta, yana zarcewa ƙasa ba tare da yashi ya tace shi ba, kuma fatar wannan halitta ba ta hana komai shiga.

Daga nan sai zaure na ƙarshe, wanda ake kira Zauren Kiɗa, mai ɗaukar mutum 10,000. Wani yaro ya ƙwala ihu, amsa-kuwwa ta yi ta yawo da shi, uwarsa ta rufe masa baki. A cikin kogon nan aka buɗe gidan waya a 1899, don baƙo ya aika wa na gida kati daga ƙarƙashin ƙasa.

A hanyar fita jirgi ya sauke mu inda ake hango Pivka daga sama, yana ruri a cikin duhu. Kogin ya bar manyan zaurukan da muka zaga tun da daɗewa, ya haƙa wa kansa wata hanyar a ƙasa da su, inda yake ci gaba da cin dutse. Daga nan yakan bi ta wuraren da ruwa ya cika rami har rufi, inda sai masu nutso da tukunyar iska ke iya leƙawa, kuma su ne ke ƙara wa taswirar kogon tsawo lokaci zuwa lokaci. A kogon Planina yake haɗuwa da wani kogin ƙarƙashin ƙasa mai suna Rak, su fito fili da sunan Unica. Ya sake nutsewa, ya ɓullo da sunan Lubliyanica, ya ratsa tsakiyar babban birni, ya faɗa Sava. Sava ta kai shi Danub a birnin Belgired, Danub kuma ta juye shi a Bahar Aswad.